Tukunyar Jego da Tarhon Maƙwabcinmu

Haihuwata ta fari a gidan Inna na yi ta, a Misfala, cikin rumfunan gwangwani da 'yan Makka suke kira unguwar Takari. Tun ina wata takwas Inna ta tara itace, ta ajiye babbar tukunya. Wankan jego a wurinta ba abin wasa ba ne. Yayata a hanyar Sudan ta haihu, lokacin da suke tafiyar ƙasa zuwa Makka, ba a samu ruwan dafawa ba, ta kumbura ta rasu. Inna ta riƙe cewa sanyi ne ya shige ta, ta kuma rantse ni sai na yi arba'in cif, safe da yamma, ko da za ta sayar da zanen jikinta.

Bayan tsakar gidanmu akwai katangar dutse ta ma'ajiyar wani attajiri mai sayar da sukari da shayi. Shi kaɗai ke da tarho a layin. Bai taɓa amsa sallamarmu da baki ba, sai dai ya ɗaga gira. Ya sha gaya wa mutane cewa wata rana Takari za su ƙone unguwar.

Kwana na tara da haihuwa, da hantsi, ruwa ya tafasa, Inna ta jefa ganyen magarya, ni kuma na ɗaura zani ina jira. Sai muka ji ƙararrawa. Jar motar 'yan kwana-kwana, waɗanda a nan ake ce wa maɗafi, ta tsaya a bakin lungu. Ba sallama ba tambaya suka ja mesa suka shigo, suna ihun "Harika! Harika!", wato gobara. Suka feshe murhu, tukunya ta kife, toka ta cika ruwan. Ni ma na samu rabona, ruwan sanyi ƙarara tun daga kai har ƙafa. Ina rawar ɗari, ga maza sun cika gida, na rasa inda zan sa kaina don kunya.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta lulluɓe ni, ta je ta roƙi 'yan garuwa, amma ruwan Makka ba a samunsa don an matsu. Ranar ban yi wanka ba.

Attajirin ne ya kira su da tarhonsa, ya kuma sake kiransu a kwana na sha shida, ya ƙara a na ashirin da biyu. Ƙafafuna suka fara nauyi, Inna kuma kullum sai ta danna su da yatsa ta ga ko wurin zai lotsa. Na san abin da take dubawa, ita ma ta san na sani.

Maigidana ya ce a bar wa Allah. Inna ta yafa mayafi ta tafi ofishin shurɗa, wato 'yan sanda, da kanta, ta ja ni muka tafi tare, jaririyar a bayanta. Babban jami'in bai wulaƙanta mu ba, gaskiya, har kujera ya ba ni.

"Ya hajja, na ji ki," in ji shi. "Amma wanda ya ga hayaƙi ya kira, ba mu da ikon taɓa shi."

"Ya san ruwan wanka ne, ya shekh. Sau uku! A gidajen Larabawa ba a hura wuta?"

"Ana hurawa. Kawo min shaidar abin da ke cikin zuciyarsa, in ɗaure shi yau. Idan na hukunta mai kira, gobe gobara ta gaske ta tashi, kowa zai yi shiru don tsoro."

Inna ta ce, "To mai dafa ruwa a tsakar gidanta fa? Akwai laifi?"

"Ma fi, babu laifi. Gidanki ne, ki hura inda kika ga dama."

"Ɗayyib," in ji Inna, ta miƙe.

Muka kama hanyar gida. Na tsani attajirin nan kamar in mutu. Na yi ta fatan hannun da yake juya tarhon ya shanye, kuma ban yi istigfari ba.

Washegari Inna ta kwashe duwatsun murhu daga tsakiyar gida. Ma'ajiyar attajirin tana da wata 'yar taga ta shan iska, mai sandunan ƙarfe, daidai ƙugun mutum, tana kallon gidanmu. Ƙarƙashinta Inna ta kafa murhun. Ni kuma ta hura min wata ƙaramar wuta ta gawayi a bayan ɗaki, na yi wankana tun da sassafe, na shirya. Sannan ta ɗora tukunya a sabon murhun, ta cusa ɗanyen itace da tsumma. Hayaƙi ya turnuƙe har ni da na san dawan garin sai da na yi tari.

"Inna, in bai kira ba fa?"

"Zai kira. Shiga ɗaki ki ba yarinya nono."

Ko rabin sa'a ba a yi ba muka ji ƙararrawa. Suka shigo yadda suka saba, suka saita mesa kan murhu, rabin ruwan yana bi ta taga. Inna tana gefe tana salati da ƙarfi, tana nuna musu sama-sama: "Nan, ya waladi, nan ma tana ci!" Su kuwa suka dage. Ta ƙofar ɗaki nake leƙe, na cusa gefen zani a baki don kada dariyata ta fito.

Sai ga ihu daga wancan ɓangaren. Attajirin ya zagayo a guje, ba rawani, jallabiyarsa ta manne da ruwan sukari, yana cewa su tsaya, ba gobara ba ce, wankan matan Takari ne kawai, kullum haka suke yi. Shugaban 'yan kwana-kwanan ya sa aka kashe ruwa, ya dube shi.

"Ashe ka sani?"

Nan take aka riƙe attajirin. Aka tafi da shi ofishin shurɗa a gaban 'yan unguwa, buhunansa suna tsiyaya har bakin lungu. Na so a yi masa bulala a kasuwa. Kashedi kawai aka yi masa, ya sa hannu a takarda, kafin la'asar ya dawo. Wannan ya ƙona min rai, har yau kuma in na tuna sai na ji ɗacinsa.

Sauran kwanakin Inna ta bar murhun a ƙarƙashin tagar, da busasshen itace. Ran arba'in da yamma, bayan wanka na ƙarshe, ta zaunar da ni a tabarma, ta ɗora ƙafata a cinyarta ta danna. Wurin bai lotsa ba. Ta sake dannawa, ta koma ɗayar ƙafar. Daga nan ta kifa fuskarta a kan ƙafafuna ta fashe da kuka, tana kiran sunan yayata.