Kafaɗar Inna da goyon jika

Ni ne ɗan farin Inna, don haka ba ta kiran sunana, ba ta cin abinci a gabana, balle ta ce mini wani wuri yana yi mata ciwo. Da matata ta haihu, Inna ta taso daga Tajaye ta zo mana Malbaza. Mun daɗe ba mu samu haihuwa ba, kuma burinta a duniya ta ga ta goya jikar nan.

Matata ce ta tona mata asiri. Ta ce, "Malam, Inna fa ba ta iya kai hannun dama baya. Jiya ta ɗauki yarinyar za ta goya, sai ta ajiye ta, ta kau da kai tana share ido."

Wallahi raina ya ɓaci. Ashe tun damina take fama, tun ranar da guga ya fizge ta a bakin rijiya, kuma ba wanda ta gaya wa.

Na kai ta asibiti a Konni. Likitan ya sa ta miƙe hannu, babban yatsa na kallon ƙasa kamar mai zubar da ruwa daga kofi, ya danna.

"Inna, da zafi?"

"Babu komai."

Ya lanƙwasa mata gwiwar hannu, ya juya kafaɗar a hankali. "Nan fa?"

"Lafiya lau, ɗan nan."

Lafiya lau! Ga zufa na tsattsafo mata a goshi. Na ce, "Haba Inna, don Allah ki faɗa masa!" Ko kallona ba ta yi ba.

Likita ya saki hannun, ya ce mini, "Malam, gwajin hannu ko mutum ya faɗi gaskiya ba kullum yake dacewa ba. Wani jijiyarsa ta yage gwajin bai nuna ba, wani kuma ya yi ta ihu alhali kumburi ne kawai. To ina ga an ɓoye mini?" Ya dube ni, ya dube ta, ya yi murmushi. "Kai ne na fari, ko? Je ka sha iska."

Na fita ina gunaguni. Ban kai ga zama kan benci ba sai na ji ta bayan ƙofa: "Wayyo Allah, nan ne!" Tunda nake ban taɓa jin Inna ta ce wayyo ba. Tausayinta ya kama ni.

Da ya kira ni, ya ce gwaje-gwajen da ya haɗa sun nuna jijiya ce, amma bai amince da hannunsa kaɗai ba sai an ɗauki hoto. Hoton ya tabbatar ta yage. Ya koya mata motsa jiki, ya ce ciwon zai ragu, sai dai da wuya hannun ya koma baya kamar da.

Inna tana kallon bango ta ce, "To, goyo fa?"

Ya ce, "Bayanki lafiyarsa lau, Inna. Ɗorawa da ɗaurewa ne sai an yi miki."

Muka koma gida, matata na wanka, yarinya na ta tsala kuka a tabarma. Inna ta tsaya a kanta, hannu a sake. Ban yi shawara da kowa ba na ɗauki 'yata, na ce, "Inna, sunkuya."

Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta sunkuya.

Na kwantar mata da yarinyar a baya, na jawo zane, ko da yake ban taɓa ɗaura goyo ba. Kukan ya tsaya.

Inna ta miƙe, ta gyara tsayuwa, ta ce, "Kai, ja da kyau mana. So kake ka kayar mini da ita?"