Shekarar da Baffa ya rame

Ni zabiya ne, kuma siriri ne tun ina goye. A Madarunfa ta lokacin ƙuruciyata ramar ta fi farar fatar muni a idon mutane. Fata dai an ce daga Allah take, ko daga iskokin gidanmu, ya danganta da wanda ka tambaya. Rama kuwa laifin gida ce. Duk yaron da haƙarƙarinsa ya fito, sai a ce rumbun gidansu ya yi ƙasa, ko uwarsa ba ta iya dama fura ba. Inna ta sha wannan gori a bakin tabki. Tana ɗura mini fura sau uku a rana, da ƙuli-ƙuli da man shanu, ni kuma ina nan kamar sillen kara.

Ubana ya rasu ina ɗan shekara bakwai, Inna tana da cikin ƙanwata. Gida ya koma hannun ƙanensa, wanda muke kira Baffa. Shi ke yanka wa tsafin gida jan zakara, shi ke buɗe rumbu, shi ke cewa a yi ko a bari. Mutum ne mai ƙiba ƙwarai. Wuyansa ninki uku ne, in ya zauna a kan tabarma sai tumbinsa ya sauka bisa cinyoyinsa. Matan gidanmu suna alfahari da wannan tumbi, don duk baƙon da ya gan shi ya san akwai hatsi a gidan. Akushinsa daban yake, kuma ba ya ragewa. In na gifta ta gabansa sai ya kama damtsena da yatsu biyu ya ɗaga sama, ya ce wa abokan shan giyarsa, "Ku duba mini nan. Wanga ko kaza ba ta ƙoshi da shi."

Da aka zo neman yaran da za a kai lakwal, wato makarantar Nasara, a Maraɗi, kowane gida ya ɓoye nasa. Baffa kuwa da hannunsa ya miƙa ni. Ya ce ba asarar da gona za ta yi. Abin da bai sani ba, lakwal ta yi mini daɗi, saboda akwai rufi. Idanuna ba sa son haske, sai na kai takarda kusa da hanci kafin in gani, don haka nake rubutu a hankali, harafi bayan harafi. Mushe, malaminmu, yakan ɗaga kayena, littafin rubutuna, ya nuna wa aji, ni kuwa in sunkuyar da kai har ya ajiye.

Inna ce ta koya mini zama da rana. Ba likita ya gaya mata ba, ita ta lura da kanta. Kullum da safe takan shafe ni da man kaɗe, ta bi bayan kunnuwa da ƙeya da bayan hannu, ta sa mini kwalli. Ta ɗinka mini rigar saƙi mai dogon hannu, ta kai marina aka turo ta baƙa. Kawuna na garin Gabi ya saƙa mini malafa mai faɗi wadda take rufe har kafaɗa. Aike kuwa sai kafin hantsi ko bayan la'asar. Na san kowace inuwa tsakanin ƙofar gidanmu da tabki, na san wadda take gushewa da wuri.

Baffa yana ganin duk wannan shagwaɓa ce. A wurinsa zabiya mutum ne da bai nuna ba, an fito da shi daga ciki da sauran ɗanyantaka, kamar tukunyar da aka cire daga wuta kafin ta gasu. Maganinsa rana. In ta dafa shi sosai fatar za ta yi duhu, jiki kuma ya kama nama. Ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, tsofaffi da yawa sun yarda da shi, amma shi ne yake da iko da ni.

A hutun damina, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, ya kira gayya a gandu. Ana cikin noma, makaɗa suna zuga samari, ina gefe ina kai ruwa, sai ya kira ni. Ya cire malafar ya rataye a reshen gawo, ya tuɓe mini riga, ya miƙo mini hauya.

"Yau za ka nuna," in ji shi. "In na ga ka nufi inuwa sai na karya ka."

Babu ma inuwar da zan nufa. Gawo ba ya ganye da damina, kuma shi kaɗai ne itace a gonar. Na yi noma daga hantsi har la'asar. Da farko bayana ya yi ja, mutane suna dariya suna cewa ga shi ya fara. Kashegari ya tashi ƙuraje masu ruwa, manya kamar ƙwan zabo. Kwana goma sha biyu na yi a kife, ba na iya kwanciya da baya, zazzaɓi yana ɗauka yana saukewa. Inna tana korar ƙuda da mafici. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta faɗi, balle ta tsaya gaban mai gida ta yi magana a kaina. Baffa ya leƙo sau ɗaya, ya dubi fatar da take saluɓewa, ya ce, "To, ɗanyar ce ke fita. Ta ƙasan za ta zo baƙa."

Ta ƙasan ta zo fara kamar da, sai tabo. Akwai guda a ƙeyata wanda har yau bai daina ɓarewa ba. Ban yi kuka a gabansa ba. Amma na ƙirga kwanakin nan goma sha biyu, na riƙe su.

Ƙanwata ma zabiya ce. Shekara biyu bayan gayyar nan na zo gida ɗan hutun bazara, lokacin da ƙasa take ƙona tafin ƙafa. Na tarar da ita zaune a tsakar gida a kan faifai, tsirara, an zana da'ira a ƙasa kewaye da ita. Shekararta shida. Ta rufe idanunta da hannu biyu, kafaɗunta sun yi jawur. Ko kuka ta daina, sai ajiyar zuciya. Baffa yana ƙarƙashin rumfa da ƙwaryar fura.

"Ɗan lakwal, ka iso?" ya ce. "Kai mun makara da kai, fatarka ta riga ta ƙi. Wagga da sauran laushi. Kwana bakwai za ta yi, yau na biyu."

Na gaishe shi yadda ya kamata, na durƙusa har ƙasa. Na shiga ɗaki na tarar da Inna ta juya fuska ga bango. Ban san abin da zan yi ba. Ba ni da ƙarfin da zan ture ko akuya.

Da la'asar ɗin ranar aka aiko daga gidan mai gari ana nemana. Wani gardi, dogarin Nasara, ya zo daga Maraɗi a kan doki, ana son mutum goma don aikin hanya, aikin tilas na kwana talatin. Kwamanda, Baturen mulki, ya ce a kawo sunaye a rubuce, kuma a ranar ba wanda ya iya rubutun Nasara a kusa sai ni. Aka ba ni takarda da alƙalami, na zauna a zaure, mai gari yana faɗin suna ina rubutawa. Kowa ya san yadda ake wannan zaɓe. Masu rumbu da abokan hira ba sa shiga. Marasa gata ake turawa, waɗanda yunwar bazara ta riga ta cinye. Mutum na tara da ya faɗa wani maƙwabcinmu ne mai tari, wanda ko guga ba ya iya ja sai ya huta.

Na ɗaga kai na dubi mai gari. Yana ɓare goro, ko kallona ba ya yi. Gardin yana waje wurin dokinsa. Na tsoma alƙalami a tawada, na kai takardar kusa da hancina, na rubuta sunan Baffa a layi na tara. Na sa sunan ubansa, na sa unguwarmu, don kada a ce wani mai irin sunan ake nufi. Ban taɓa yin rubutu mai kyau kamar wannan layi ba. 

Da safe aka tara gari a ƙofar mai gari. Gardin ya ɗan iya karatu, yana kiran suna yana jan kowane gaɓa. Mutane suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, ƙafafu kamar muciya. Da ya kira na tara sai kowa ya juya. Baffa yana tsaye cikin manya da babbar rigarsa, ya zo kallo. Ya waiga hagu, ya waiga dama.

"Ranka shi daɗe," ya ce wa mai gari, "mi nike ji haka?"

Mai gari ya buɗe baki, amma gardin ya riga shi. Ya zagaya Baffa yana dubansa kamar mai sayen sa, ya buga tumbin da bulalarsa sau biyu.

"Madalla! Kullum sai ku tara mana ƙasusuwa, rabi su faɗi a hanya. Ashe kuna da mutane kuna ɓoyewa. Wanga shi kaɗai zai yi aikin uku."

"Ni mai gida ne," in ji Baffa. "Ina da iyali, ga shuka ta matso..."

"Sunanka ne ko ba naka ba?"

"Nawa ne, amma..."

"To shiga layi."

Mai gari ya rufe bakinsa. In ya ce takarda ta yi ƙarya, to ya ce shi ne ya aika wa kwamanda ƙarya. Ya dube ni sau ɗaya ta gefen ido, na dubi ƙasa. Maƙwabcinmu mai tari yana tsaye yana jiran sunansa har aka gama, bai gane abin da ya faru ba. Aka tuɓe wa Baffa babbar riga aka miƙa wa matarsa, aka ɗora masa kwando. Na bi su da ido har suka wuce kan tudu. Daga nan na koma gida na share da'irar nan da ƙafata, na ɗauki ƙanwata na kai ta ɗaki. Kafaɗunta sun saluɓe, amma ba su yi miki ba.

Na koma lakwal, ban gan shi ba sai da aka yi hutun damina. Na ji labari tun a hanya, amma sai da na gani na yarda. Tumbin ya tafi, fatar ta rage tana lilo kamar tsohuwar jaka. Ninkin wuyan ya zama igiyoyi. Cinyoyinsa sun goge juna wajen ɗaukar ƙasa har suka yi gyambo, yana tafiya a buɗe. Gudawa ta kama shi a can, ba ta sake shi ba har bayan wata biyu. Mutanen da suke yi masa kirari da, yanzu in sun gan shi sai su ce, "Sannu, ya jiki?" Wannan sannu ta fi masa bulala ciwo. Matan gida suna cika masa akushi, yana ci kaɗan ya ture. Na zauna nesa ina kallon yadda yake ture shi, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Kwana talatin ya yi, ni goma sha biyu na yi, ban ga ya yi yawa ba.

Ya daina gaisawa da mai gari, don ya ɗauka shi ya sayar da shi. Da na so, da haka zancen zai tsaya. Amma wata safiya na ji shi yana ce wa Inna, da muryar nan tasa da ta shaƙe, wai yarinya ta yi kwana biyu ne kawai, saura biyar, in rana ta buɗe za a ƙarasa.

Na fito daga ɗaki. Yana zaune a bakin rumbu yana gyara ƙotar hauya. Na durƙusa kamar mai gaisuwa. Ban taɓa fara yi masa magana ba a rayuwata, sai dai in amsa.

"Baffa, ba mai gari ba ne."

"Mi?"

"Bai faɗi sunanka ba. Ni na rubuta."

 Na ga ƙotar tana motsi a hannunsa, na san zai iya sauke mini ita a ka. Amma na riga na shirya maganar tun a Maraɗi, na maimaita ta a zuciya ya fi sau ɗari.

"Gardin ya ce rubutuna ya fi na kowa fita. Ya ce baɗi ma ni za a kira."

"Kai, ɗan banza! Ni? Ƙanen ubanka?"

"In ta ƙara kwana ɗaya a rana, Baffa, kai ne na farko a takarda."

Ya ɗaga ƙotar har kafaɗa. Ban motsa ba. Inna ta tsaya da taɓarya a hannu. Ya dube ni, ya dubi hannunsa da jijiyoyi suka fito, sai ya sauke ƙotar a hankali ya ci gaba da fiƙe ta.

"Ku tafi da fararen 'ya'yanku," ya ce wa Inna, ba tare da ya ɗaga kai ba. "Su ruɓe a ɗaki in sun so."

Gardin bai taɓa cewa za a sake kirana ba, ni na ƙirƙira. Ba da daɗewa ba ma aka daina aikin tilas gaba ɗaya. Amma Baffa bai sake zancen shanya kowa ba, kuma bai sake yi mini magana ba har ya mutu, bayan shekara tara, a rame. Da aka zo wankansa an nemi in riƙe buta, na ce idona ba ya gani sosai. Ƙanwata tana Gabi yanzu da jikokinta, bayanta sumul, ko tabo ɗaya babu.