Saniyar Mawashi da Rumfar Kwano

Kafin wannan tafiya, na yi imani cewa dattijon da ya sayar mini da saniya a Mawashi ya cuce ni. Lokacin sanyi takan cika ƙwarya biyu da nono. Da bazara ta kama, da ƙyar take rufe gindin ɗaya. Na ƙara mata dusa da harawa, ta juya musu baya tana haki. Na ƙudura in je in ce masa ya zo ya ɗauki abarsa.

Mun tashi da asuba daga Kankia, ni da wani abokin aikina da ya biyo ni don kada in faɗi abin da zan yi nadama. Motar Kusada ba ta cika ba sai da rana ta fito, kuɗinta kuma ya wuce yadda na san shi. Gonaki duk a share suke, an jibge taki tsibi-tsibi ana jiran ruwan farko. A Kusada muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance kamar ƙwayar magani, har abokina ya tambayi mai suyar ko sau nawa ake haɗiyarsa a rana. Daga nan muka hau babur.

Da hantsi muka isa. Abin da na fara gani shi ne ƙanwar saniyata, uwarsu ɗaya, kwance ƙarƙashin tsamiya tana tuƙa cikin natsuwa. Tatsar safiyar kuwa, da aka kawo mana da fura, ta cika ƙwarya har baki.

Dattijon ya saurari ƙorafina bai katse ni ba, sannan ya tambayi inda saniyata take wuni. Na ce, da ɗan alfahari, rumfar kwano na gina mata. Abinci fa? Bayan azahar, idan na taso daga makaranta. Ruwa? A baƙin tanki, a tsakar gida.

"Malam, cikin saniya murhu ne," in ji shi. "In ta ci, wuta ta kama. Wa ka taɓa gani ya hura wuta a ɗakin kwano da azahar? Wagga dabba ta fi ka wayau da ta ƙi ci."

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne na san wannan. A jami'a na karanta cewa narkar da abinci kansa yana haifar da zafi, kuma idan jiki ya ɗumama dabba takan rage ci, ƙarfin da zai zama nono ya ƙare a haki. Har jarrabawa na ci a kai. Me ya sa zargin mutum ya zo mini da sauƙi fiye da tuna darasi?

Na nemi gafararsa. Ya ce, "Ni ba ka yi mini komi ba. Je ka roƙi saniya."

Mun dawo kafin la'asar. Na shiga rumfar na tsaya gefen saniyar. Ban iya daɗewa ba, taguwata ta jiƙe. Na tsoma hannu a ruwanta, na ji shi kamar na wankan jego. A ranar na mayar da turkenta ƙarƙashin darbejiyar bayan gida. Washegari na kware kwanon na ɗora zana. Yanzu kafin in tafi masallaci da asuba nake zuba mata abinci, sai kuma idan rana ta faɗi, ruwanta kuma daga rijiya kai tsaye.

Mako uku ke nan. Yau da safe ƙwarya ɗaya ta cika, an fara zubawa a ta biyu.