Wanda Aka Bari a Hanyar Ɗa'ifa

Idan tsufa ya zo ya kwashe mini komai daga ka, ina jin ranar da muka hau duwatsun Ɗa'ifa ce za ta ƙi fita. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai in ji kamar jiya abin ya faru.

Mu uku muka je aikin Hajji daga gidanmu a shekarar: ni da Inna da Yaya, babban wanmu. Albasar rani da ya noma a dam ɗin Watari ce ta yi masa albarka, ya ce ba zai tafi ya bar tsohuwa ba, ni kuma aka haɗa da ni don in riƙa yi mata ɗawainiya. Da aka gama aiki muna zaman jiran jirgi, sai mutanen masaukinmu suka haɗa kai aka ɗauko doguwar mota, a je ziyara Ɗa'ifa a dawo a ranar. Maza suka zuba haraminsu a jaka, don a dawowa za a tsaya a miƙati a ɗauki niyyar Umara. Suka zauna gaba, mu mata muka cika baya.

To mu mutanen Bagwai me muka sani a kan dutse? Ƙasarmu shimfiɗe take, in ka hau bangon dam ka gama hawa a duniya. Sai ga mu a kan hanyar da ta nannaɗe jikin dutse kamar gammo. Ka leƙa dama dutse ya tokare sama, ka leƙa hagu babu ƙasa sam, sai motoci can ƙarƙashi kamar tururuwa. Kunnuwana suka toshe. Wata Hajiya a bayanmu tun tana salati a hankali har ta koma yi da ƙarfi. Ni da ake ce wa mai bakin tsiya, ranar bakin ya mutu, na ja hijabi na rufe fuska na bar wa Allah ikonsa.

Can tsakiyar hawan direba ya tsaya a wani ɗan fili a gefen hanya, wai a sha iska a ga ikon Allah. Wallahi akwai abin gani. Gajimare ne a ƙarƙashin ƙafarka, ga birai manya-manya zaune a kan katanga suna kallon mutane kamar su ne masu unguwa. Ni dai leƙe ɗaya na yi na koma kujerata. Ta taga na hango Yaya ya ɗauki buta ya nufi bayan duwatsu. Halin manomi ne: in zai kewaya, sai ya yi ta tafiya har ya tabbata babu idon da ke ganinsa. A gona wannan ladabi ne. Bai san a nan bayan kowane dutse rami ne ba.

Direba ya danna oda, jama'a suka duru, mota ta tashi. Na sake rufe fuska.

Mun yi tafiya mai ɗan dama sai na ji Inna ta mintsine ni a cinya.

"Ke, leƙa gaba."

"In ga me, Inna? Ni ko tagar nan ba na iya kallo."

Carbinta na gudu a hannu. Can ta sake cewa, ƙasa-ƙasa, "An ce kowa ya shigo kuwa?"

"Kowa ya shigo mana."

Sai ta kau da kai. Yanzu na san tun tashin motar idonta yake kan kujerarsa, ta ga babu hularsa. Amma Yaya ɗan fari ne, Inna kuwa mutuniyar da ce. Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, ba ta zama su yi hira, in ya gaishe ta bango take amsa wa. In ta matsu ta ce "yayanku" ko "wancan". Ta yaya za ta miƙe a cikin mota cike da maza ta ce ina ɗana? Ta zauna tana ci da wuta a ciki, mota kuwa tana ƙara nisa.

Da ta mintsine ni na ƙarshe har sai da na yi ƙara. Na buɗe fuska na dube ta.

"Yayanki," ta ce. "Da buta ya fita."

Innalillahi! Na manta da tsoron rami, na miƙe ina dafa kujeru har gaba. Babu shi. Wanda ke kusa da shi ya ce ai ya zaci ya koma baya wajenmu. Wani ya kira wayarsa, sai ga ta tana kuka a kan kujera, kusa da 'yar jakarsa. Nan na tuna Yaya yana da ciwon suga. Da safe ya sha magani, ya ƙi cin komai wai kada hanya ta sa shi amai, alewar da yake yawo da ita kuma tana cikin jakar nan.

"A tsaya! An bar mutum!"

Mota ta kaure da hayaniya. Direban ba ya jin Hausa, sai wani malami mutumin Zakirai ya matsa ya yi masa Larabci. Direban ya daki sitiyari ya yi ta faɗa yana nuna hanya. Malam ya juyo ya ce, "Hajiya, sai haƙuri. Katanga ce ta raba hannun hawa da na sauka, ba a juyawa. Sai mun kai sama, mu gangara, mu sake hawowa."

Ban taɓa ganin tafiya mai tsawon wannan ba. Wani ya ce ƙila wata motar ta ɗauke shi. Wani, Allah ya shirye shi, ya fara ba da labarin yadda biran nan ke taruwa a kan mutum ɗaya, sai da aka kwaɓe shi. Muna gangarowa ta ɗaya hannun muka wuce filin, kowa ya manne da taga. Babu kowa a wurin, sai hazo da ya fara rufe shi. Na dawo na zauna ina kuka, haushin Inna kuma ya cika ni. Na ce, "Haba Inna! Kin gani tun farko kika yi shiru?" Ta ci gaba da jan carbinta. Na kama hannunta, sanyi ƙalau.

Da muka sake isowa filin, hazo ya yi kauri, ba ka ganin wanda ke gabanka sosai. Maza suka bazu suna ƙwala kira. Masu cewa Alhaji na yi, masu kiran sunansa na yi, duwatsu na maido musu da muryarsu. Wani ya tsinci butar a kife a bakin gangare, da alamar zamewar ƙafa a kan tsakuwa. Ya ɗago ta ya nuna. Na ji wani dattijo a bayana ya fara "daga Allah muke".

Ban ga saukowar Inna ba. Matar da sai an riƙe ta take taka matakalar mota, sai ga ta ita kaɗai ta ratsa maza ta dafa katanga. Ta leƙa cikin farin hazon nan. Sannan ta buɗe baki ta kira shi, da sunansa na yanka, da wata murya da ban san tana da ita ba. Ta sake kira, muryar ta karye a tsakiya.

Can ƙasa, siririya kamar ta mai barci, muka ji: "Na'am."

Allahu Akbar! Ashe zamewa ya yi ya faɗa kan wani ɗan tudu da bai fi faɗin tabarma ba, ƙafa ta gurɗe, bayan tudun kuwa babu komai sai iska. Maza suka zazzage jakunkuna, aka ƙulla harami da harami, wani mai ƙarfi ya ɗaura a ƙugu ya sauka. Muna tsaye muna jin numfashin masu ja. Da aka fito da shi jikinsa na karkarwa, gumi sharkaf a cikin wannan sanyi, idonsa bai san inda yake ba.

Na waiga in rungume Inna, ashe har ta juya ta nufi mota. Na bi ta, sai ta ciro dabino daga bakin zaninta ta danƙa mini ba ta ko dubi inda yake ba.

"Ba wa yayanki," ta ce.

Sai da ya dawo hayyacinsa a hanya, ƙafa ɗaure da rawanin wani, na tambaye shi me ya hana shi amsa wa maza. Ya ce yana jin su kamar a mafarki, bakinsa ya ƙi buɗewa, har ya saki jiki yana kalmar shahada.

"Da na ji waccan muryar," in ji shi, "na zaci na riga na mutu. Na ce a duniya dai Inna ba za ta kira ni ba. To ko a lahira ne, uwa ta kira ka ka ƙi amsawa?"

Ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa. Inna tana baya, fuskarta a taga.

Ba ta sake faɗin sunan ba har ta koma ga Allah. Ni kuwa na daina yi wa shirun tsofaffinmu kallon rashin ƙauna, don na ga abin da ke ƙarƙashinsa da idona. Amma na kuma ga abin da ya kusa ci. Kunya ado ce, ban musa ba, sai dai in rai na hannun Allah a bakin rami, a ajiye ta a buɗe baki tun mota ba ta tashi ba.