Ranar da Maƙerin Boɗinga Ya Zo Karɓar Wuƙarsa

A shekarun da nake magana, zamanin Turawa, sana'ata rubutu ce. Ina zaune a Shagari, ban daɗe da yin aure ba. Ina kwafe wa malamai littattafai, ranar kasuwa kuma in shimfiɗa buzuna a gindin wata tsamiya in rubuta wa mutane wasiƙa da ajami. Mai irin wannan sana'a ba ya rabuwa da kurtun tawada da damin karan alƙalami da 'yar wuƙa. Wuƙar ce ke fiƙe alƙalami, ita ke tsaga bakinsa, ita ke kankare harafi idan hannu ya zame. In ta dakushe, bakin alƙalami sai ya yi gashi, rubutu ya fito kamar kaza ta taka tawada.

Wuƙata ta farko ta kanti ce, irin ta aljihu wadda ake ninkewa. A Sakkwato na saye ta, mariƙinta fari yana walƙiya, da rubutun boko a jikin ruwanta wanda ban iya karantawa ba. Wata uku ta yi ƙusar da ke riƙe ruwan ta saki, wuƙa ta koma tana girgiɗi kamar haƙorin tsoho. Da na sake shiga birni na kai ta kantin. Akawun bai wulaƙanta ni ba, ya jujjuya ta, ya ce su sayarwa kawai suke yi. Wanda ya ƙera ta yana can bayan teku, shi akawun kansa bai san sunan garinsu ba.

A hanyar komawa gida na yada zango a Boɗinga. Wani maɗinki da na saba sauka a shagonsa ya ga wuƙar, ya ce in bi ta bayan rumfunan masu hatsi in tambayi maƙerin da ke yin wuƙa mai ninkewa. Na same shi zaune gaban uwar maƙera, dattijo gajere mai faɗin kafaɗa, furfura ta fara cin gemunsa. Ƙanensa, shi ma magidanci, shi ke masa zuga. Yawancin aikinsu fartanya ne da lauje da gatari. Amma dattijon ya taɓa kwance wata wuƙar kanti ya ga yadda aka haɗa ta, daga nan ya fara yin tasa, da mariƙin ƙahon bijimi, yana buga ɗigo uku a gindin ruwan don a san aikinsa ne.

Ba mutum ne mai yawan fara'a ba. Ya amsa gaisuwata, ya karɓi wuƙar kantin, ya sake mata ƙusa kafin in gama gyara zama, ya ce za ta ƙara 'yan watanni amma kada in sa rai da ita. Na ɗauki ɗaya daga cikin nasa na gwada a kan kara. Yanka ɗaya, bakin alƙalami ya fito sumul. Na saya. Da yake miƙo mini ita sai ya riƙe ta tukuna, ya dube ni.

Ya ce, "Malam, wuƙag ga in ta karye, ko ta saki, ko ta ƙi cin kaihi, ka maido min ita. In laihina na, in sake maka wata. In laihinka na, in gyara, amma sai na yi maka hwaɗa."

Na yi dariya, na ɗauka maganar 'yan kasuwa ce. Bayan kamar shekara guda na ga faɗan da idona. Na sa bakin wuƙar zan ɓalle murfin wani gwangwani, tsininta ya ɓare. Da na kai masa ban faɗi abin da ya faru ba, na ce dai ta ɓare. Kallo ɗaya ya yi mata ya tambaye ni murfin me na buɗe. Ya yi ta faɗa yana goga ta a dutse, wai mai ilimi kamata bai san bambancin wuƙa da kurfin yanka ƙarfe ba. Ya fitar mata da sabon tsini, na miƙa masa ladan aiki ya ture hannuna.

Wannan wuƙa ba ta tsufa a hannuna ba. Malamin da na yi karatu a gabansa ya gan ta wata rana, ya fiƙe alƙalami da ita, ya yaba sau biyu. Abin da malaminka ya yaba sau biyu ba ka mayar da shi aljihu. Na bar masa, na koma Boɗinga na sayo wata.

Lokacin kuwa ana cikin babban yaƙin Turawa, komai ya yi wuya, tun daga ƙyalle da gishiri har zuwa takarda. Ƙarfe ma haka. Da, tsohon sifirin mota maƙerin ke samu daga Sakkwato, shi yake yankawa ya yi wuƙaƙe. Da yaƙi ya yi nisa sai wannan ya ɗauke. Ni ban san da haka ba. Sabuwar wuƙata ta yi kyau kamar ta farko, na yi wata shida ina aiki da ita ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi, gab da faɗuwar damina, ina rubuta wa wata tsohuwa wasiƙa zuwa ga ɗanta, sai na ga jaki ya tsaya a gefen tsamiya. Maƙerin ne, ƙafafunsa fari fat da ƙura. Ban taɓa ganinsa a wajen maƙerarsa ba, har na ji wani iri. Na yunƙura zan tashi, ya yi mini alama da hannu in gama. Ya tsuguna a inuwa har tsohuwa ta karɓi takardarta ta tafi. Muka gaisa, na tambayi gida da ƙanensa, na sa aka kawo ruwa. Ya sha, sannan ya ce wuƙarsa ya zo karɓa.

Na ce, "Baba, ai lafiyarta ƙalau. Yanzun nan na fiƙe alƙalami da ita."

Sai ya ba ni labari. Da sifirin ya ɗauke, wani bafatake ya kawo masa sandar ƙarfe guda. Ya buga ta ya ji amonta, ya sa a wuta ya ga ta yi ja yadda ya kamata, ya saya. Wuƙa tara ta fitar. Kwana goma da suka wuce wani Bafulatani ya zo masa da ɗaya a karye, hannunsa naɗe da tsumma. Yana yanke igiya daga wuyan maraƙi ruwan wuƙar ya tsinke, guntun ya tsaga masa tafin hannu. Maƙerin ya duba makaryar, ya ga cikin ƙarfen garas-garas kamar tsakin gero, da wani baƙin zare ya ratsa shi. Akwai ɗaya da ba a saya ba, ya ɗauko ya danna ta, ita ma ta karye. Saura bakwai a hannun mutane, kuma ya san kowa da ya saya. Ya karɓo biyu a cikin Boɗinga, ya biyo ta Mandera ya karɓo ɗaya. Ni ne na huɗu.

Gaskiya ban so bayarwa ba. Hannuna ya saba da ita, kuma aikina kara ne da takarda, ba igiyar shanu ba. Na faɗa masa haka. Bai yi musu da ni ba. Ya ce in ba shi ya duba kawai. Ya buɗe ta, ya kwantar da ruwan a kan saiwar tsamiya, ya danna da babban yatsa, dannawar da ba ta kai a fasa goro ba. Na ji ƙas. Guntun ya yi tsalle ya faɗa kusa da kurtun tawada.

Abin da na fara ji haushi ne, don ina da wasiƙu a gabana kuma an karya mini kayan aiki. Ya ɗauko guntun ya nuna mini baƙin zaren. Ya ce wata rana zan danna ta a kan gaɓar kara mai tauri, ina sunkuye, fuskata kusa da ita. Bai ƙarasa ba. Ya zaro tasa wuƙar daga aljihu, tsohuwa, ƙahonta ya yi santsi don riƙo, ya ajiye a kan buzuna, ya ce in yi aiki da ita har ya ƙera mini wata.

Daga nan ya ce yana da buƙata shi ma. Cikin ukun da suka rage, biyu suna wajen Kajiji, can zai wuce. Na ukun wani baduku ne da ya tafi cirani kurmi, inda ake sayo goro, ba a san ranar dawowarsa ba. Yana so in rubuta masa wasiƙa a ba fatake. Na fiƙe alƙalami da wuƙarsa, na fara jero gaisuwa da yabo yadda aka saba. Ya bari na cika layi huɗu, sannan ya ce gaisuwar ta isa haka, kada mutum ya gaji kafin ya kai ga magana. Abin da ya faɗa na rubuta bai fi haka ba: wuƙar da na sayar maka ƙarfenta ba shi da kyau, laifina ne ba naka ba. Kada ka yi aikin fata da ita, kada ka ba kowa aro. In ka dawo ka zo ka karɓi wata.

Na kai shi gida, mai ɗakina ta dama fura. Ya sha, muka yi azahar tare. Na roƙe shi ya kwana ya huta, ya ce hadari ya fara haɗuwa a gabas, in ruwa ya sauka manoma za su cika masa maƙera. Ya hau jakinsa ya nufi Kajiji. Mai ɗakina, da ta ji komai daga bayan zana, ta ce ita ba ta taɓa jin mai sayarwa ya bi mai saye har gida don ya faɗi aibin kayansa ba.

Ba kowa ya gan shi da kyau ba. Wani mahauci da ke kusa da tsamiyar ya yi ta ba mutane dariya da labarin, yana cewa tsoho ya hau jaki yana yawon tona wa kansa asiri. Ƙanen maƙerin ma ya yi fushi, don kwana shida maƙera na rufe a lokacin da ake neman fartanya ido rufe, wasu suka kai aikinsu wani wuri. Kuma maganar ta bazu ta inda ba a so. Da kunnena na ji wani a kasuwar Boɗinga yana hana abokinsa saye, yana cewa ai wannan ne wanda wuƙaƙensa ke karyewa. Na tsaya na yi musu da shi har muryata ta tashi. Da na kai wa maƙerin labari ina huci, ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce ai mutumin bai yi ƙarya ba, sun karye.

Ran nan ne ya ba ni sabuwar wuƙar. Da ya rasa ƙarfen da ya yarda da shi, tsohon magagarinsa na goge ƙarfe ya sa a wuta, wanda ya gada daga mahaifinsa, ya fitar da wuƙaƙen da zai mayar wa mutane. Kafin ya miƙo mini sai da ya danna ruwan a kan uwar maƙera da ƙarfinsa, ya lanƙwasa ya dawo. Na mayar masa da tasa. Na tambayi hannun Bafulatanin, ya ce ya warke, ya je rugarsu ya gani. Da wannan wuƙa na kwafe littattafan da suka fi yawa a rayuwata. Sannu a hankali masu saye suka dawo, har da mahaucin nan, wanda ya aiki wani ya sayo masa don kada a gan shi.

Badukun bai dawo ba sai bayan damina biyu. Wasiƙar ta same shi, ta bi hannu da yawa har ta yage a lanƙwasa, wani malami a zango ya karanta masa. Sai dai ta makara. Tun kafin ta iso ya riga ya musanya wuƙar da wani mutumin kurmi, mai sayar da manja, wanda bai san sunansa ba, kasuwar da yake zama kawai ya sani. Na yi sa'a ina maƙerar ranar da ya zo. Maƙerin ya ajiye masabar da yake bugu da ita, ƙanensa ma ya tsayar da zuga. Badukun ya ce tunda wuƙar ba ta hannunsa, ba ya neman komai, ya zo gaisuwa ne da godiya. Maƙerin ya shiga ɗaki ya ɗauko wadda ya ajiye masa tun tuni a cikin tsumma mai mai, ya ba shi. Sannan ya juyo wurina.

Ya ce, "Malam, kana da takarda? A rubuta ma mai manjan ga."

Na ce, "Baba, ba mu san sunansa ba. Wataƙila ma ba ya jin Hausa."

Ya ce, "Ɗigona uku na bisa wuƙat. Rubuta."

Na rubuta, zuwa ga mai manja wanda ya karɓi wuƙa mai mariƙin ƙaho daga hannun baduku. Badukun ya tafi da ita da rani ya zagayo, da ya dawo ya ce ya ba wani a kasuwar, wanda ya yi alkawarin nemo mutumin. Amsa ba ta taɓa zuwa ba.

Maƙerin ya rasu 'yan shekaru kafin Turawa su tafi. Da na je ta'aziyya, ƙanensa ya gaya mini cewa har ƙarshen ƙarfinsa, duk bafataken da ya dawo daga kurmi ya tsaya gyaran wani abu a maƙera, sai dattijon ya tambaye shi ko ya ga wani mai manja da wuƙa irin tasu.