Kwalin da Malam Ya Bari a Firij

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Litinin, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, ina gaban famfon ɗakin bincike da safar roba a hannu aka bugo mini waya cewa ka rasu. Ciwon ƙirji ne, ko asibiti ba a kai ba. Tun ranar na kasa zama wuri guda, Malam. In na zauna sai in miƙe, in na miƙe in rasa abin da ya tashe ni.

Masu gaisuwa suna cewa babban masani ya tafi. Gaskiya ne, amma mu ɗalibanka Mai Tsini muka sani. Na'urar da ka koya mana aiki da ita ba da ido take gani ba. Wani tsini ne da ita, wanda gashin kai ya fi shi kauri nesa ba kusa ba, da shi take lalubar ƙwayar jini a cikin ruwa kamar mai laluben ashana a duhu. In tsinin ya ɗauki datti, ƙarya zai faɗa maka, kuma da kyakkyawan hoto. Shi ya sa ka ƙi yarda da kowane tsini sai wanda aka wanke, aka gasa a ƙarƙashin fitilar ƙone datti, aka shafa masa sinadarin da ke kama ƙwayar jini.

Ni kuwa Garaje ka raɗa mini, kuma wallahi na ci sunan. Ranar da na fara, na tsoma tsini a bushe, kumfar iska ta maƙale masa, na wuni ina auna kumfa ina murna. Ka leƙa allon kwamfuta ka ce, "Garaje, wannan iskar ta samu kulawa." Sannan ka nuna mini yadda ake ɗiga masa ruwa tukuna, a bar shi ya saba kafin a taɓa komai. Tsinin da na karya da hantsaki a waccan shekarar, Allah kaɗai Ya san yawansu, ba ka taɓa ɗaga mini murya ba. Da na haihu kuma, kai ka riƙe mini gwajina har na dawo, ka ƙi a sa sunanka a aikin.

Amma Malam, ka bar ni da kaya. Ranar Asabar ka shirya mini kwali guda na tsini don aikinmu kan jinin masu sikila, ka sa a firij. Tsinin da aka shafa wa sinadari ba ya ajiyuwa, mako guda ya lalace. In na yi aiki da su, na cinye abu na ƙarshe da hannunka ya taɓa. In na bar su, sun mutu a banza. Na buɗe firij ɗin nan na rufe har mai shara ta tambaye ni ko lafiya. Na ji haushinka, na faɗa ban ɓoye ba. Wa ya ce ka yi su da kyau haka?

Ranar Alhamis sai ga autarka a bakin ƙofa, idanu a kumbure. Ita ce mai sikilar da ta sa ka shiga wannan aiki tun farko, kuma jininta muke aunawa.

Ta ce, "Anti, Baba ya ce yau zan zo a ɗebi jinina."

Na ce, "Haba Auta, ki koma gida, ana zaman makoki."

Ta naɗe hannun riga ta ce, "Shi ya fasa. Ciwon bai fasa ba."

Na ɗauko kwalin. Na karya na farko tun kafin ya shiga ruwa. Sauran suka yi aiki tsaf, ƙwayoyin suka fito ɗaya bayan ɗaya, ba datti ba kumfa, sakamakon da muka daɗe muna nema. Kafin la'asar kwalin ya zama fanko. Da za ta tafi ta tambaye ni yaushe za ta dawo, na ce mako mai zuwa. Da wane tsini, ban sani ba. Na dai jiƙa sababbi a sinadarin da kaina yau da safe, ina tsoro.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa aikin nan ya bi ka da lada. Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinka da 'ya'yanka da ƙannenka da duk wanda ya taɓa zama ɗalibinka. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya ba Auta lafiya. Ni kuma Ya daidaita mini hannu kafin ta dawo.