Matsefatar Kaka

A Gangara na girma, a ɗakin kakata ta wajen uba. Lokacin sanyi, da an yi sallar magariba an ci tuwo, sai ta hura wuta da karan gero a tsakar gida, mu jikoki mu kewaye ta. Kullum akwai matsefata rataye a wuyanta. Kafin ta fara labari takan juya mana baya ta tsige gashin idonta da ita, ta share hawaye da bakin mayafi, ta ce hayaƙi ne.

Tatsuniyar da ta fi so ita ce ta Raƙuma da Hankaka. Wai ƙaya ce ta soki Raƙuma a ido, mai magani kuwa yana can bayan tuddan rairayi, tafiyar kwana bakwai. Sai ta aiki Hankaka. Mai magani ya ce ba ya haɗa magani sai ya ji yadda ciwon yake. Hankaka ya dawo ya tambaye ta. Ita kuwa ba ta son a ce ta yi raki, sai ta ce, "Ka ce masa da sauƙi." Sau uku Hankaka na kai wannan saƙo, yana dawowa ba komai. A ƙarshe Raƙuma ta faɗa rijiya da rana tsaka.

"To, wa ya kashe ta?" in ji Kaka.

"Hankaka!"

"Ƙaryarku. Shi abin da aka ba shi ya kai."

Ina aji uku a lakkol, wato makarantar boko, Kaka ta fara zuba fura a gefen ƙwarya. Baba ya kai ta gidan likita a Tanout, ni ke riƙe da hannunta. Babu likitan ido a can, yana Damagaram, amma majo, ma'aikacin da ke duba marasa lafiya, yana da rediyon da yake magana da likitan ta cikinsa. Ya buɗe idon Kaka ya duba, ya faɗi abin da ya gani. Sai wata murya ta fito cikin ƙara, da Hausa:

"Iya, yaya idon?"

Kaka ta gyara zama. "Da sauƙi, ɗana."

"Yana yi miki zafi?"

"Alhamdu lillahi."

Baba ya sunkuyar da kai, don ba zai ƙaryata uwarsa gaban mutane ba. Majo bai ga gashin da ke sukar idon ba, da asuba ta tsige shi tas. Ni kuwa sai na ga rijiyar nan. Na ce da ƙarfi, "Kullum tana tsige gashin idonta! Ga matsefatar a wuyanta!"

Muryar ta ce amodari ne, gashin ya juya ciki. A daina tsigewa, majo ya ba ta man shafawa, a kawo ta Damagaram a yi mata aiki.

A mota Kaka ta ce, "Uwar surutu, kin tona ni gaban namijin da ko ganinsa ban yi ba."

Idon dama ya tsira. Na hagu an makara. Da ta dawo daga Damagaram, ta cire matsefatar ta rataya mini.

Na daɗe ina mamakin yadda mai wannan tatsuniya ta yi abin da Raƙuma ta yi. Yanzu ina ganin ta san kanta sarai, shi ya sa ta yi ta maimaita mana ita, ko a cikinmu a sami wanda zai faɗi abin da bakinta ba zai iya ba. Mai duba ka daga nesa, abin da ka faɗa shi yake gani. Har yau in aka tambaye ni jiki, "da sauƙi" ke fara fitowa. Sai in taɓa matsefatar, in ƙara bayani.